Mutum Na Goma

Colonia Ester, Entre Ríos
2 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Rebeca,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Marcos da jikoki. Yaya ƙafar taki? Ni lafiyata ƙalau, kuma ina roƙonki ki daina bugo wa maƙwabtana waya kina tambayarsu halin da nake ciki. Bakina bai mutu ba.

Na karanta batun ɗakin da kuka tanadar mini a Buenos Aires. Na gode, amma ba zan zo ba. Ina da ɗalibi.

Ezequiel ne, ɗan Fabián likitan shanu. A watan gobe zai cika shekara goma sha uku, ya hau ya karanta Attaura a gaban jama'a, a fara ƙirga shi cikin maza. Kullum bayan makaranta yana shigo mini da laka a takalmi, ya cinye mini biskit, sa'annan ya buɗe baki ya rera karatu yadda Baba yake rerawa. Makarantar Ibranancin da muka yi, wadda benci ba ya isar yara, yanzu ta koma teburin cin abincina, kuma shi kaɗai ne ajin.

Kin san ba a fito da naɗaɗɗiyar Attaura daga ma'ajinta sai maza goma sun hallara. Mazan da suka rage mana tara ne, har da uban yaron, saboda haka shekaru ke nan ba a buɗe ta ba. Yaron nan ne zai cika goma. Tsofaffin sai ka ce yara don murna. Isidoro mai kantin kayan noma ya tare shi a hanya ya ce, "Kai ɗan maraƙi, kada ka kuskura ka hau doki kafin ranar nan. In ka karya wuya, ni zan ƙarasa ka!" Shi kuwa dattijo Don Naum, da shekarunsa casa'in, har ya aika a wanke masa kwat.

Ki gaishe da kowa.

Yayarki,
Zulema Glusman

27 ga Afrilu

Ƙanwata Rebeca,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan tarin Marcos ya lafa.

Don Naum ya rasu ranar Talata, yana zaune a ƙofar gida da ƙoƙon shayin mate a hannu. Allah ya sa ya huta. 'Ya'yansa sun zo daga birni, da su aka cika goma aka yi masa addu'ar mamaci, ana gama kwanakin makoki suka koma. Yanzu ko da yaron, tara ne.

Akwai wani labarin kuma. Fabián zai kwashe iyalinsa zuwa Rosario idan sanyi ya shigo. An sayar da shanu, an mai da makiyaya gonakin waken suya, likitan shanu ba shi da sauran aiki a nan. Ya zo ya same ni, hula a hannu, ya ce, "Malama, mu bari a yi bikin a can mana. Maza sun fi ɗari." Kafin in amsa yaron ya ce, "Baba, a can ni na ɗari da ɗaya ne. A nan ake jirana." Na tashi na ɗora ruwan zafi, don ban saba a ga hawayena ba.

Rebeca, kin san ni. Ko da na binne mijina ban roƙi kowa komai ba. Amma a makon nan na zauna gaban waya ina kiran tsofaffin ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya, ina roƙon mutum guda na safiya guda. Wannan yana da taro, wancan bayansa na ciwo, wani ma sai da na maimaita masa sunana. Saúl Brener, likitan haƙori a Paraná, shi ne ya yi dariya ya ce, "Malama, ko a kan jaki zan zo. Na yi furfura, amma har yau in na ji muryarki sai na gyara zama." Na ce masa zaman nasa dama bai taɓa gyaruwa ba.

Ki sa mu a addu'a.

Yayarki,
Zulema

19 ga Mayu

Ƙanwata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da gidanki duka. Na ga saƙonki na taya murna da kyautar da kika aiko wa yaron. Na ba shi, ya gode.

Tun Laraba ake ruwa. Ranar Juma'a kafin faɗuwar rana Saúl ya bugo daga mararraba, ya ce rafi ya cinye hanya, ko tarakta ba ta wucewa. Ya yi ta ba ni haƙuri, sai da na lallashe shi.

Duk da haka da safiyar Asabar kowa ya zo majami'a cikin kayansa na biki. Ni da uwar yaron muka hau benen mata. Isidoro ya tsaya ya ƙirga su yadda ake yi, ba da lamba ba, da ayar nan mai kalma goma, kowane mutum kalma ɗaya. Ya kai kan Ezequiel, saura kalma guda, babu mai ita. Ya sake daga farko, kamar wani zai tsiro daga bango.

Sai ya ɗaga kai sama ya ce, "Malama, sauko. Duk wanda ke ɗakin nan ke kika koya masa harafin farko, har da ni da kika ce kaina kabewa ne. A birni ma yanzu ana ƙirga mata. Ke ce ta goma." Tsofaffin suka ce haka ne, ta sauko. Fabián ma ya gyaɗa kai.

Yaron yana tsaye a gaban ma'ajin, mayafin addu'ar kakansa ya yi masa yawa. Ya ce, "A'a, Don Isidoro. Ba haka Malama ta koya mini ba. In babu goma, ba a fito da ita, a littafin ɗab'i ake karantawa." Bai ɗaga murya ba. Ya waiwayo ya dube ni yana jiran in yaba masa, kamar yadda yake yi in ya ba da amsa daidai.

Daidai ya amsa, Rebeca. Haka Baba ya koya mini, haka na koya masa, ban rage ko ɗigo ba. Na gyaɗa masa kai.

Ya karanta a littafin ɗab'i daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe bai yi ba. Ma'ajin yana rufe a bayansa. Mun jefa masa alewa kamar yadda aka saba, tsofaffin suna kuka suna jifa, babu ƙananan yaran da za su tsince ta.

Abin da zan gaya miki yanzu, kada ya wuce ke. Lokacin da yaron ya buɗe baki, na riga na miƙe. Hannuna yana kan ƙarfen bene, ƙafata ɗaya tana kan matakala. Babu wanda ya gani. Na mai da ita a hankali, na koma na zauna.

Ki gaishe da Marcos da yara.

Yayarki,
Zulema Glusman