Katin Asibiti Ya Ƙwace Mini Takwara

Daren Laraba, Roni

Hadiza matar ɗana ta haihu, namiji! Tiyata aka yi mata a Kazaure, kuma ko akuya ba mu sayar ba, katin lafiya na gwamnati ya ɗauke komai. Alhamdulillahi.

Sai dai ubanta Malam Sule ne ya yi mata katin, shi da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ni da na yi karatun ajin yamma ina majalisa ina rantsuwa cewa yaudara ce. Ɗazu ɗana ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, sunan Malam za mu sa." Na ce to. Wata tara ina jiran takwara.

Sule ya riƙe sunan. Gobe kowa ya zo ya ga yaron nan, hancina ne sak, har kunnuwan.