Farrapeirar Inna Tana Cikin Gilashi

Litinin, 3 ga Nuwamba

"Wata biyu kacal, Sabela, in maido miki shi da hannuna, kuma sunan mahaifiyarki zai fito a littafin." Don Eladio ke nan, farfesan nan mai rubuta littafi, a kicin ɗinmu, bakinsa cike da cukunmu, ranar da ya ari bargon Inna. Yau wata tara.

Littafin ya iso. Shafi goma sha biyu ya ci kafin ya gano cewa farrapeira, bargon da muke saƙawa da tsofaffin tufafi, daga farrapo ta samo suna, wato tsumma. Sannu da aiki, farfesa! Kowace tsohuwa a ƙauyen nan za ta iya faɗa masa a kyauta. Ƙarƙashin hoton bargon Inna ya rubuta: "Ba a san masaƙiyar ba." Dorinda sunanta, kuma tana raye.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ruwa tun safe. Na buga wa Don Eladio waya sau huɗu. Wai yana taro.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Na lulluɓa wa Inna bargon kanti, ta ture. "Ke 'yar nan, wannan ba kowa a cikinsa."

Da can, in ta shafa farrapeirar, sunaye na dawo mata: shuɗin nan wandon Baba ne, jan nan siket ɗin Goggo Erundina. Yau ta tambaye ni sunan mijinta.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na je birnin Santiago. Farrapeirar tana cikin gilashi a ɗakin nunin kayan tarihi, an hana taɓawa. Don Eladio ya fito yana murza hannu.

"Haba Sabela, a nan duniya ke ganinta. A gida asu ne zai cinye."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara sittin asu bai ci ba, sai da ka zo."

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na karanta wa Inna shafukansa don ta taya ni fushi. Dariya ta yi. "A bar masa sunan, sanyi nake ji."

Wasiƙar da na rubuta wa jarida tana aljihun tebur. Ta yi kyau ƙwarai, har na so a ga sunana a ƙasanta. Ba zan aika ba. Babinsa na uku ma ba laifi, kada dai ya ji.

Na ba shi zuwa Litinin, sha biyun rana. In bai kawo ba, zan sa Inna a keken guragu, mu shiga motar safe, in ajiye ta gaban gilashin nan. Sai shi ya gaya mata da bakinsa an hana taɓawa.