Askin Fatihu

Bowie, Amurka, 3 ga Afrilu, 2010

Zuwa ga uwargidana Sailuba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki? Yaya mutanen Gusau?

Kin ji albishir a waya, amma sai na rubuta da hannuna, don ban yi makarantar dare a banza ba: ranar Larabar da ta wuce surukarmu Juwairiyya ta sauka lafiya, namiji. Na yi hawaye a asibiti, ban ji kunya ba.

Sai dai gidan shiru. Ba wanda ya shigo barka sai Dorkas, wata nas 'yar Jos da ke maƙwabtaka da mu. Nakan wuni a taga ina kallon motoci. Ɗanmu Misbahu ba ya zama. Jibi kumbo zai tashi da 'yan sama jannati, su kai wa mazauna tashar sama abinci da kayan aiki, kuma ɗanki yana cikin masu kula da layin maganarsu da ƙasa. Ranar isarsu ta faɗo daidai ranar suna.

Na zo da askata. Shekara arba'in ina yi wa 'ya'yan mutane askin suna, yanzu ga nawa. Juwairiyya ta ce cikin ladabi ba za a taɓa kan yaron ba sai ubansa yana tsaye. Ban ga laifinta ba, ta ga yadda shayi yake zubewa a hannuna. In Misbahu bai samu fitowa ba, ranar za ta wuce ba aski.

Kamar yadda na faɗa miki a waya, ki sa a yanka ragon ranar Laraba.

Mijinki,
Almu Wanzam

Bowie, 8 ga Afrilu, 2010

Zuwa ga Sailuba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ina sanar da ke jiya an yi suna. Fatihu.

Tun asuba na wasa aska na zauna jira. Sai da hantsi Misbahu ya shigo, ido jajur, katin aiki a wuya. Ya ce mutanen sun isa lafiya, an ba shi awa biyu.

Mu huɗu ne kawai, har da Dorkas. Na yi addu'a, na jiƙa kan yaron, na ɗaga aska. Sailuba, hannun ya ƙi tsayawa. Sau uku ina ɗagawa ina saukewa. Sai na miƙa wa Misbahu, wanda bai taɓa yarda ya koyi sana'ar ba. Ya ce, “Baba, ban iya ba.” Na ce ya kwantar da bakin askar, ya bi gashin sannu. Ina faɗa yana yi. Ko ƙwarzane babu.

Da ya koma aiki na daɗe riƙe da yaron, ina ta dariya ni kaɗai. Na so a ce kina nan.

Askar na naɗe ta na sa a durowar Misbahu. Ba zan dawo da ita ba.

Ki gaishe da kowa. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Almu