Daron da Ke Tsagewa Gefen Walda

Damagaram, 14 ga Janairu 1985

Zuwa ga Baba Alkasum, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da iyali, ina neman gafara da na rubuto muku ba tare da an sa ni ba. Ni ce Zuliha, ƴar abokinku Dodo mai walda na Zango. Ina aji huɗu a kwaleji. An ce aikin ƙarfe kuke koyarwa a can, shi ya sa na yi ƙarfin hali.

Tun da damina ta ƙi, mutanen Hamdara da Gafati suka cika bakin gari. Masu dama musu kunu sun sa Baba ya yi daro talatin. Sabon tol, wato faifan ƙarfe, babu a kasuwa, sai yake haɗa rabin ƙarfen ganga da rabin ƙofar tsohuwar mota, ya yi walda a tsakiya, ya ɗora a kututture mai rami ya yi ta duka. Cikin bakwai na farko, biyar sun tsage. Yana cewa hannunsa ne ya tsufa. Na ji ya gaya wa Inna in sandunan walda suka ƙare a haka, zai kwashe mu zuwa Kano. Ni kuwa saura wata biyar na zauna jarrabawar BEPC.

Na duba waɗanda suka lalace. Ba waldar ke tsagewa ba, gefenta ne, ɓangaren ƙofar mota mara kauri. Sai na liƙa robar keke da robar mota, na buga musu zobba da murfin kwalba da tawada, na ɗaure a bakin turmi, na danna da taɓarya. Zobban robar mota ba su sake ba sosai. Na robar keke sun koma kamar ƙwai, mahaɗin kuma ya janye wajen mai kauri. Da na gusar da mahaɗin kusa da baki, mai kaurin ya rufe tsakiya, sai zobban suka zauna lafiya. Sau tara na gwada.

Kun san ni ƴar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ko ruwa yake so sai ya ce, "A ce wa waccan." Ba zan iya yi masa magana kan sana'arsa ba. In abin da na gani daidai ne, don Allah ku rubuto masa kamar shawararku ce. Ni ke karanta masa wasiƙu.

Ku huta lafiya. Ƴarku, Zuliha.

Maraɗi, 27 ga Janairu 1985

Ƴata Zuliha, wa alaikumus salam. Na sa ɗalibaina sun gwada da ƙarfe, haka ya fito. Robar keke dai ba ƙarfe ba ce, kada ki yarda da ita a komai. Ga takardar babanki a ciki. Ki karanta masa duka. Na ce duka. A gaida innarki.

Alkasum

Dodo, gaisuwa da ban gajiya. Labarin darukanka ya iso ni. Hannunka lafiya lau, taurin kanka ne bai tsufa ba. Tun muna yara kake son komai ya rabu biyu daidai, har ƙosai sai ka auna. Ƙarfe mai kauri ba ya yarda ya miƙe, sai ya bar wa mara kaurin aikin duka, kai kuma ka ajiye mahaɗinsu a inda duka ya fi yawa. Ka bar ƙarfen ganga ya rufe gindin daron, waldar ta koma yatsa huɗu daga baki. Ba zai yi kyan gani ba, amma masu yunwa ba kallo suka zo ba. Wannan ba ni na gano ba. Wadda ke karanta maka takardar nan ce, da turmi da taɓarya. Allah ya kawo mana ruwa.

Abokinka, Alkasum

Damagaram, 19 ga Fabrairu 1985

Baba Alkasum, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina godiya.

Na karanta masa a zaure bayan azahar. Da na zo kusa da ƙarshe sai na tsallake zuwa addu'ar ruwa. Ya dubi Inna ya ce, "A ce wa waccan akwai rubutu ƙarƙashin yatsanta." Na karanta. Ya sa takalmi ya tafi masallaci tun ba a kira la'asar ba.

Ya yi daro goma sha ɗaya tun daga ranar, ɗaya ne ya tsage. Ban sake jin zancen Kano ba, ban kuma tambaya ba. Jiya na dawo daga karatu a lakwal na tarar da tol a jingine ƙofar ɗakin Inna, an yi masa walda, ba a doke shi ba, ga murfin kwalba a kai. Inna ta ce ya ce a buga masa zobban nan kafin ya fara.

Wanda ya tsage ɗin ba gefen walda ya tsage ba, ban gane dalili ba. In ba zan dame ku ba, ko kun yarda in sake rubutowa?

Ƴarku, Zuliha.