Mazarin Mama

Cardonal

Zuwa ga ƙanwata Hilaria,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a birnin Meziko. Mu nan lafiya lau, sai ƙarancin ruwa.

Na ga rawarku a wayar Mama. Ku shida kun ɗaura zare a ƙugu kuna ta lanƙwasa, wai ku nan mata ne masu saƙa. To, sannunku da aiki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mazarin da na gani a hannunki. Na kakarmu ne, kuma kin san wadda ta gaji kaɗi ake ba wa. Ni ce nake kankare ganyen magei, tsiron da muke cire zare a jikinsa, har tafin hannuna ya tsattsage, ni ce nake kaɗi ina bin awaki. Ke ko zare kamu ɗaya ba ki taɓa kaɗawa ba, amma ke Mama ta ɗauka ta ba.

Yanzu duk Litinin sai ta bi rumfunan kasuwar Ixmiquilpan tana nuna wa mutane wayar. Ni da nake zaune gefenta tun ina yarinya, ko sannu ban taɓa samu ba. Kishi nake, ba zan ɓoye miki ba. Ki aiko mini da mazarin.

Yayarki,
Nemesia

Birnin Meziko

Yaya Nemesia,

Na gaishe ki, na gaida Mama. Wasiƙarki ta zo da zafinta.

Ashe ba ta gaya miki abin da ya faru ranar da ta zo kallo ba? Mun gama, mutane suna tsaye suna tafi, sai ga ta bayan dandali. Na buɗe hannu zan rungume ta, ita kuwa ta cafki ɗamarar da kika saƙa mini, ta juya bayanta, ta kira abokan rawata. "Ku zo ku gani, ko ƙulli ɗaya babu. Hannun babbar 'yata ke nan." Na ce, "Mama, rawar fa?" Ta ce, "Kin yi gumi, je ki sha ruwa."

Shekara guda ina haɗa rawar nan saboda ita, Yaya. Ki bi Mama kasuwa ki ga inda take tsayar da hoton rawar in tana nunawa. Mazari kuwa ba zan mayar ba. Shi kaɗai ta taɓa ba ni da hannunta.

Ƙanwarki mai rawar banza,
Hilaria

Cardonal

Hilaria,

Gaisuwa. Na bi ta ranar Litinin, na laɓe bayan mai sayar da barkono. Gaskiyarki, kan ɗamarar take tsayarwa. Da muka dawo gida kuma ta ce jan zaren da na sa a ɗamarar ya yi yawa.

Ki riƙe mazarin, amma ki daina jifa da shi sama, tsoho ne.

Jiya da hantsi na zagaya bayan gida, na tarar da ita ita kaɗai a cikin gonar magei. Ta ɗaga hannu biyu, ta karkata ƙugu, tana juyawa a hankali kamar yadda kike yi a ƙarshen rawar. Har sau uku tana gwadawa, gwiwar ta ƙi. Ba ta gan ni ba.

Ni ba ta taɓa kwaikwayona ba.

Ki huta lafiya.

Nemesia