Tukunyar da Ban Nema Ba

Litinin, 9 ga Mayu, 1988

Wata huɗu yau da rasuwar Baban Sunday. Na haɗa sabulu, na yanka na jiya, Eunice maƙwabciyata ta kai mini kasuwar Barnawa. Da na dawo daga famfo na tarar Sunday ya yaye tamfol daga kan motar ubansa, Fijo. Na dai nemi wuri na zauna.

Laraba, 11 ga Mayu

Ya samo littafin ubansa mai zane-zane. Yana yi mini bayani yadda marigayin yake yi, har da ɗaga yatsan nan: a zuba ruwa da sodar sabulu a mazubi, a jona da batir, ruwan ya riƙa fitar da wata iska wai ita haidurojin, tiyo ya kai ta inji, mota ta tashi ba fetur. "Mama, kin ga layin gidan mai kuwa?"

Na ce iskar nan ce ta tashi da ubanka. Ya ce a'a, tiyo ne ya kwance, shi zai ɗaure nasa da kyau.

Shekararsa ashirin da huɗu, bakanike ne. Ba zan ɗaure shi a ƙafar gado ba. Kuma shi kaɗai gare ni.

Alhamis, 12 ga Mayu

Na kulle sodata a akwati.

Asabar, 14 ga Mayu

Ya sayo tasa.

Lahadi, 15 ga Mayu

Matan zumunta na cocinmu suka ce in turo masa Fasto. Fasto ya zo bayan sujada, ya yi addu'a, ya leƙa inji. Kafin ya tafi na ji yana tambaya ko abin zai yi wa motar coci. Ya Ubangiji.

Juma'a, 20 ga Mayu

Ya shigo da mazubin da Benson mai walda ya ƙera masa a Trikania. Na alminiyam ne, da murfi mai kusoshi. Yana ƙwanƙwasa shi yana murna. "Roba tana tsagewa, Mama. Wannan kuwa ko da guduma."

Na bar shi a nan na shige ɗaki.

Asabar, 21 ga Mayu

Bari in rubuta, tunda bakina ya ƙi.

Duk mai yin sabulu ta san ba a zuba soda a tukunyar alminiyam. Cin ta take yi, ruwan ya yi zafi, ya yi ta tsiiii yana fitar da iska shi kaɗai. Ranar farko da aka koya mini sana'ar nan aka gaya mini haka.

A satin da abin ya faru, jarkar robar Baban Sunday ta tsage. Muna gaba a lokacin, kwana shida ba na yi masa magana saboda motar nan. Ranar Talata da safe na nemi babbar tukunyata ta tuwo, ta alminiyam, ban gani ba. Na san inda ta je. Na ma hango shi da ita zai shiga gareji. Na ce a raina, bar shi, ta huje ya ji kunya. Kunya kawai na so ya ji, Allah ya sani.

Shi a saninsa, in ya cire wayar batir iskar ta tsaya. Ya cire, ya ja ƙofa, ya fito ya ci abinci. Ya koma da sigari a bakinsa.

Kwana huɗu ya yi a asibiti kafin ya rasu. Bai ambaci tukunya ba, ni ma ban ambata ba.

Talata, 24 ga Mayu

Ya ce Asabar zai gwada. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ka ci abinci?"

In na faɗa, da wane ido zai dube ni? In ban faɗa ba...

Juma'a, 27 ga Mayu

Na kira shi tsakar gida da rana tsaka. Na haɗa ruwan soda a bahon roba, na jefa wani tsohon murfin tukunya. Na ce tsaya daga can ka gani. Ba a jima ba ya fara kumfa yana huci. Na ce, "Ina batir a nan?"

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Baba da roba yake aiki ai."

Na ce ba ranar ba. Na gaya masa duka, har abin da na ce a raina.

Bai yi mini tsawa ba. Da ma ya yi. Ya sa takalminsa ya fita.

Asabar, 28 ga Mayu

Bai dawo ba. Eunice ta ce an gan shi wajen Benson. Mazubin yana nan inda ya ajiye, babu kowa a kusa da shi. Na gode wa Allah da wannan, ko da ba zai sake kirana Mama ba.

Litinin, 30 ga Mayu

Ya dawo, ya gaishe ni a tsaye. Can ya ce, "Ni na share garejin. Na ga guntayen tukunyar da idona, ban gane ba." Sai ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, kamar da.

Ba zai bari ba. Na tambaya, ya ce ba zai bari ba.

Asabar, 4 ga Yuni

A waje aka yi, ƙarƙashin mangwaro, da durona na roba. Benson ya zo kallo, na karɓe ashanarsa tun daga ƙofa. "Haba Mama, ni ma?" Na ce har kai.

Ni na haɗa sodar, don na ga Sunday zai zuba ruwa a kanta maimakon ita a kan ruwa. Na kaɗa kumfar sabulu na shafa a duk mahaɗin tiyo. Wuri biyu suka yi ƙwai, alamar iska na fita. Ya ɗaure, na sake shafawa.

Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Na ƙirga har sha ɗaya kafin ta mutu, batir ya ƙare ƙaf. Ya ce abin yana cin wuta fiye da yadda yake bayarwa, sai ya sake tunani. Ya fito da yatsunsa goma, na ƙirga su ma.



Na ce masa Asabar mai zuwa kada ya taɓa komai sai na dawo daga kasuwa. Don kada ya yi ɓarnar soda ne kawai.