Na Zama Likitan Runduna

Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Umma? Ya yara?

Ki kwantar da hankalinki, na daina cin abinci ni kaɗai a bayan inji. Abokan aiki ne suka rasa mutum ɗaya a wasan yaƙin da suke yi a waya lokacin hutu. Mai garkuwa yana gaba yana shan duka, maharba suna bayansa. Matsayin mai magani kowa ke gudu, don ba ya kisa. Na karɓa.

Yanzu ba a farawa sai na zauna! Jiya a cikin wasan, shugabanmu na wurin aiki, mai daka mini tsawa kullum, sojansa ya faɗi. Sai ga shugaba yana ihu, "Likita, taimaka!" Wallahi sai da na shanye shayina sannan na tayar masa da sojan.

Turo mini hoton yara. Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki, Likita